Hantsar saniya ta kumbura, allura ta ƙi ci: jabun magani ne ko ƙwayar cutar ce ta gagara?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ina da 'yan shanun tatsa a bayan Kura, ruwa-biyu ne, Bunaji da Firisiyan. Wadda ta fi su madara, haihuwarta ta huɗu ke nan, ɓangaren baya na dama na hantsarta ya kumbura ya yi tauri, madarar na fitowa da gudaji-gudaji, wani lokaci tsululu kamar da ɗorawa a ciki. Na yi mata allurar penistirep mai fenisilin a ciki, kumburin ya saɓe, aka ɗan jima ya dawo. Na koma LA, wato allurar tetirasaikilin mai daɗewa a jiki, duk ɗaya. Na sayo wanda ake matsawa ta kan nono, shi ma haka. Yanzu ga wata saniyar ta fara. Mai maganin da nake saye a wurinsa ya ce in gwada jentamaisin. Kafin in sake zuba kuɗi, don Allah masana ku ce wani abu.

Ɗan Rano:
Wa alaikumus salam. Alhaji jabu aka sayar maka, ba wani abu ba. Kasuwar nan ta cika da ruwan kala a kwalba. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai Kemis na Kara:
Kullum mu ake ɗora wa laifi. Ɗan Rano, magunguna uku daban-daban, kamfani uku daban-daban, duk jabu? Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai, kuma akwai mai kyau da rana ta kashe shi a kan tebur. Amma ku zo ku zauna da ni ranar Juma'a a karar Wudil ku ga yadda ake saye. Mutum zai zo da saniya mai kilo 300 ko fiye, ya ce in auna masa sisi biyar a sirinji, ya yi sau ɗaya ya tafi. Na ce masa ba zai isa ba, sai ya ce kwalba nake so in sayar masa. Alhaji Baban Sadiya, nawa ka auna mata, kuma kwana nawa a jere?

Baban Sadiya:
Yadda aka rubuta a jikin kwalba na bi, da kwanakin da aka ce. Lamba ma akwai.

Dokta Maman Amir:
Alhaji, sannu, Allah ya ba da lafiya. Don Allah ka dakata da jentamaisin ɗin nan tukuna. Maganin yana zama a ƙodar saniya wata da watanni, kuma ba ka da tabbacin shi ne daidai da abin da ke damunta.

Ban ga saniyar ba, amma abin da ka siffanta, wato saniya mai haihuwa da yawa, ɓangare ya yi tauri, ciwo yana lafawa yana dawowa, sannan ya tsallaka zuwa wata, ya fi kama da aikin ƙwayar da ake kira Staphylococcus aureus. Ita wannan tana da abubuwa biyu da ke sa allura ta ƙi ci, kuma ya kamata a raba su.

Na farko bijirewa ce ta gaske. Da yawa daga cikin ire-irenta suna fitar da wani sinadari da ke farfasa fenisilin kafin ya taɓa su. Wasu kuma sun wuce nan, sun canja wurin da maganin ke kamawa a jikinsu, sai kusan duk dangin fenisilin su zama banza a kansu. Su ne ake ce wa MRSA.

Na biyu ɓuya ne. Ko da ƙwayar tana jin maganin idan aka gwada ta a ɗakin gwaji, a cikin hantsa takan yi 'yan ƙananan maruru can ciki, nama mai tauri ya kewaye su, har cikin ƙwayoyin jikin saniyar take shiga ta laɓe. Magani ba ya isa wurin da ƙarfinsa. Kumburi zai sauka, ka ɗauka an gama, ita kuwa tana nan. Shi ya sa a tsofaffin shanun da suka daɗe da ita, waɗanda ke warkewa ana cikin tatsa ba su da yawa, kowane magani aka sa.

Da ido ba za ka gane wanne ne naka ba. Ni ma ba zan gane ba. Sai an kai madarar ɗakin gwaji an raini ƙwayar, an gwada ta da magunguna an ga wanda take ji.

Jikan Arɗo:
Dokta, Allah ya ƙara sani. Amma ni ina da magana. Baffana ya haura saba'in yana bayan shanu, ya ce a da ciwon hantsa ba ya cikin abin da ke hana su barci. Sammore, ciwon huhu, boru, bakkale, waɗannan ne. Saniya in hantsarta ta kumbura a gasa da ruwan ɗumi, a tatse ta sosai, a bar maraƙi ya tsotse. Ya ce ku ne kuka kawo shanun Turawa kuka kawo ciwonsu.

Dokta Maman Amir:
A gaishe min da Baffa, maganarsa akwai gaskiya a ciki. Saniyar da ke ba da madara mai yawa, hantsarta ta sauko ƙasa, tana kwana a turke ɗaya cikin fitsari da kashi, ta fi Bunajin daji saurin kamuwa. Maraƙin da ake bari ya tsotsa bayan tatsa kuma yana kwashe ragowar madara, wannan na rage ciwon. Canja mashekari ma kariya ce, don shanu ba sa daɗewa a kan ƙazanta ɗaya.

Inda ban bi shi ba shi ne a ce babu ciwon a ruga. Akwai, ɓoyayye ne. Ga duk saniya ɗaya da hantsarta ta kumbura kowa ya gani, akwai wasu da dama da ciwon ke ci a ciki, madara fara tas, sai dai ta ragu. Ka tambayi Baffa shanu nawa ya sani masu kan nono ɗaya da ya mutu, ba ya kawo komai. Yawancinsu wannan ciwon ne ya gama aikinsa. Sai kuma kaska, musamman mai zanen nan da ke liƙewa a kan nono da damina, tana barin rauni, ƙuda ya bi, ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Kuma Baffa ya yi ƙuruciya lokacin da babu kwalbar LA a jakar kowane makiyayi. Yau ko ƙwalla saniya ta yi sai allura.

Jikan Arɗo:
To me za mu yi? Daga inda muke zuwa wurin likita sai a wuni. Ka kira shi ya ce a biya mai. Saniya na kwance ka ce in jira? Wallahi ba son allura muke ba, ita ce kawai a kusa.

Mai Kemis na Kara:
Yawwa. Wannan ita ce maganar. A hana mu sayarwa ba tare da takardar likita ba, na yarda, amma a fara kawo likitan.

Ɗan Rano:
Ni dai har yanzu ban gane yadda ƙwayar da ba ta da hankali za ta "saba" da magani ba.

Ɗan Lab:
Ba sabo ba ne irin na mutum. A cikin miliyoyin ƙwayoyi, ana samun ƙalilan da tun asali maganin ba ya kashe su. Ka ba da magani, musamman wanda bai kai ba ko ba a gama ba, raunanan su mutu, waɗancan su samu fili su hayayyafa. Kamar ka nome ciyawa mai laushi ka bar kiri-kiri, baɗi gonar duk kiri-kiri ce. Kuma bakteriya kan miƙa wa juna wannan ƙarfin, har tsakanin jinsi daban. Shi kansa Fleming da ya gano fenisilin ya yi wannan gargaɗin a 1945, cewa shan abin da bai kai ba zai haifar da ƙwayoyi masu bijirewa.

Ni a asibitin mutane nake aiki, shi ya sa zancen nan ya dame ni. Tetirasaikilin, fenisilin, jentamaisin, duk da su muke yi wa mutane magani. Ba a ware wa dabba nata bakteriya an ware wa mutum nasa ba. A 2011 masu bincike a Ingila sun gano wani sabon nau'in MRSA a madarar shanu, sai aka duba aka same shi a jikin mutane a Biritaniya da Denmak. Babban binciken da aka fitar a 2022 ya kiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina. Mu ke nan. Ban ce daga shanu duk wannan ya fito ba, mafi yawansa daga yadda mu mutane ke shan magani ne da halin da asibitoci ke ciki. Amma mai tatsa da hannu, mai tsage a yatsa, yana taɓa mugunyar hantsa safe da yamma, ya koma gida ya ɗauki jariri.

Hajiya Mai Kindirmo:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma babu wanda ya yi tambayar da ta fi damuna. Alhaji Baban Sadiya, duk lokacin nan da kake yi mata allurai, madararta ina take zuwa?

Ina tambaya ne don sana'ata ke nan. Nakan sayi madara in dafa, in bari ta huce, in sa iri in rufe. Wata rana da safe in buɗe in tarar ba ta kama ba, tana nan ruwa, sai wani ɗan wari. Iri mai kyau, ƙwarya wankakkiya, wuri da ɗumi. Asarar ranar ni kaɗai ke ɗauka, masu fura na jira, yara sun fito da robobi.

Baban Sadiya:
Hajiya, ta ɓangaren da ya kumbura zubarwa nake. Ta sauran ukun kuwa fara ce tas, ana haɗawa da ta sauran shanu.

Dokta Maman Amir:
Alhaji, nan ne gyara yake. Allurar da aka yi a jiki jini ne ke ɗaukarta, tana fita ta kan nono huɗun duka. Wanda aka matsa a ɓangare ɗaya ma yakan shiga jini ya ɓulla a sauran. Saboda haka madarar saniyar gaba ɗaya ake ajiyewa gefe, tun daga ranar farko har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika bayan na ƙarshe. Na matsawa yawanci 'yan kwanaki ne. LA ya fi daɗewa, wasu kamfanonin ma sun rubuta kada a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane.

Hajiya, abin da ke kama miki kindirmo ai bakteriya ne masu amfani da ke cikin irin da kike sawa. Ragowar magani a madara na kashe su ko ya raunana su. Madarar saniya ɗaya tana iya ɓata ta garke guda. Dafawa kuma ba ta kawar da ragowar magani gaba ɗaya. Tana kashe ƙwayar cuta, wannan dole ne a yi saboda tarin fuka da bakkale, amma maganin wani sashensa na nan. Dafin da ita Staphylococcus ke saki a madarar da ta daɗe a zafi ma wuta ba ta karya shi, shi ne mai sa amai bayan 'yan sa'o'i.

Hajiya Mai Kindirmo:
Innalillahi. To ranar da ya ƙi kamawa ma na tsira ke nan. Ranar da maganin ya yi kaɗan, ya kama, na sayar, yara suka sha fa?

Jikan Arɗo:
Dokta, ki yi haƙuri, zubar da madara ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Bunaji da rani in ta ba da lita ɗaya ko biyu an gode Allah. Kuɗin nono na mata ne, da shi ake sayen gishiri da mai da sabulu. Ki ce wa Inna ta zubar da ta mako guda? Ko a ba maruƙa?

Dokta Maman Amir:
Na san nauyinsa, kuma ba na faɗa da wasa. Maraƙinta dai dole ya sha uwarsa, ba yadda za a yi. Amma kada a tara a riƙa ɗura wa sauran maruƙa, don an ga hakan na ƙara bakteriya masu bijirewa a hanjinsu, su fito a kashi su bazu a garke. Abin da zai rage zubarwa shi ne rage allurar da ba ta zama dole ba. Ba kowane kumburi ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyi ba. Wanda ƙwayar cutar da ke cikin kashin shanu ta kawo, idan mai sauƙi ne, sau da yawa jikin saniya na gamawa da shi, sai dai a riƙa tatsewa a ba ta maganin zafi da kumburi. Wata ƙwayar kuma, Streptococcus agalactiae, har yau fenisilin na kashe ta da kyau. Idan saniya ta yi zazzaɓi, ta daina kiwo, ta kwanta, ko kan nonon ya yi sanyi ya fara baƙi, wannan gaggawa ce, a nemo likita ko ta halin ƙaƙa.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira. Mu nan Nijar muna da LABOCEL, babban ɗakin gwajin dabbobi, a Yamai, amma ga mai shanu biyar a ƙauye nisa ne. Dokta, babu gwajin da mutum zai yi da kansa a garke?

Dokta Maman Amir:
Akwai, sai dai ba ya faɗa maka wace ƙwaya ce, yana nuna wace saniya da wane ɓangare ne ke da ciwo a ɓoye. Ana ce masa CMT. Faranti ne mai gurbi huɗu, kowane kan nono da nasa. Ka tatsi kamar ƙaramin cokali a kowane gurbi, ka zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, ka ɗan jujjuya. Mai lafiya za ta tsaya ruwa, mai ciwo za ta yi yauƙi. Yauƙin na fitowa ne daga yawan ƙwayoyin garkuwar jiki da suka taru a madarar. A ƙa'ida, idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya, ana zargin ciwo. A Pakistan ma sun fitar da irinsa da garin sabulun wanki, kashi 3 cikin 100 a ruwa. Wanda bai da komai, ya tatsi tsartuwar farko a kan baƙin ƙyalle, gudaji zai nuna.

Alhaji Baban Sadiya, kai kuwa kana kusa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na nan, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke da rassa a jihohi, Sakkwato da Maiduguri ma jami'o'insu na da asibitin dabbobi. Ka bar magani ya fita jikinta tukuna, in ba haka ba ƙwayar ba za ta tsiro ba. Ka wanke kan nonon, ka tsane, ka goge bakinsa da auduga da sifirit, ka zubar da tsartuwar farko, ka tatsa cikin kwalbar gwaji sabuwa ba tare da bakinta ya taɓa komai ba. Ka rubuta saniya da ɓangare, ka sa cikin ƙanƙara. Ka ɗauki ta biyun ma, tunda ita sabuwar kamu ce, ta fi fatan warkewa. Sakamako kan ɗauki kwana biyu zuwa uku.

Kafin nan, daga gobe masu lafiya ake fara tatsa, waɗannan biyun a ƙarshe. Tsumma ɗaya da ake goge duk shanu da shi, a jefar, shi ne babban mai yaɗawa. A wanke hannu da sabulu tsakanin saniya da saniya, a daina jiƙa hannu da madara. Ana gama tatsa a tsoma kowane kan nono a ruwan aidin da aka yi don haka, a zuba musu abinci su tsaya a tsaye kamar rabin sa'a, don ƙofar kan nono ba ta rufewa nan take. Waɗannan ba sababbi ba ne, tun shekarun 1960 aka tsara su a Ingila, kuma su ne suka karya ciwon mai yaɗuwa a can, ba sabon magani ba.

Baban Sadiya:
Na gode Dokta. Idan gwaji ya nuna mai bijirewar ce fa?

Dokta Maman Amir:
Dama mafi kyau ita ce lokacin da aka daina tatsarta, kamar wata biyu kafin haihuwa, a sa mata na matsawa mai daɗewa wanda gwaji ya nuna. Idan ta haihu ya dawo, ko a busar da ɓangaren har abada a tatsi uku, ko a fitar da ita daga garke. Ni dai ta farkon nan, da shekarunta da taurin nan, ba na sa rai sosai.

Ɗan Rano:
Kai ta kasuwa kawai Alhaji, in kumburin ya sauka. Mai saye ya ji da ita.

Malam Mai Allo:
Subhanallah. Ɗan'uwa ka janye wannan. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ya kuma hana a ɗaure nonon dabba madara ta taru don a ruɗi mai saye. In an hana ɓoye ƙarancin madara, ina ga ɓoye ciwo mai yaɗuwa? Ya kuma ce mai raƙuma marasa lafiya kada ya shigo da su cikin masu lafiya. Alhaji, in za ka sayar, ka sayar wa mahauci ka faɗa masa gaskiya.

Dokta Maman Amir:
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa nama ma yana da nasa kwanakin jira, sun fi na madara yawa. Na LA kan kai wajen mako huɗu, a duba kwalba.

Mai Kemis na Kara:
Turai da ake ba mu misali da su fa, manominsu na da tallafi.

Ɗan Lab:
Suna da shi, suna kuma da doka mai haƙori. Tarayyar Turai ta hana sa waɗannan magunguna a abincin dabba don ƙiba tun 2006, daga Janairun 2022 kuma ta hana ba da su a kai a kai da sunan rigakafi. Holan ta rage amfani da su a dabbobi da fiye da rabi daga 2009, kuma har yau tana cikin manyan masu fitar da madara. Can tankar madarar da aka samu ragowar magani a ciki ba a karɓa. Nijeriya ta yi tsarin ƙasa kan wannan matsala tun 2017, an kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. Abin da zan roƙa a wurinsu ƙarami ne: farantin CMT da aidin a kowace cibiyar tara madara, da malamin dabbobi mai babur da zai riƙa kai samfur ɗakin gwaji.

Hajiya Mai Kindirmo:
Kafin gwamnati ta zo, ni ga abin da zan iya. Matan da ke kawo min madara, duk wadda aka yi wa saniyarta allura ta faɗa min, ta ware ta wannan saniyar kada ta haɗa. Zan biya ta rabin kuɗin abin da ta ware har kwanakin su cika. Rabin nan ya fi min sauƙi a kan asarar ƙwarya goma. Jikan Arɗo, kana ganin za su yarda, ko za su ji tsoron in sun faɗa zan daina saye a wurinsu?

Jikan Arɗo:
Tsoron dai akwai shi Hajiya, don an taɓa mayar musu da madara a wata cibiya ba a ce musu komai ba, tun daga nan ba sa faɗar ciwon saniya. Kuma sau da yawa namiji ne ke yin allurar a daji, matar ba ta ma sani ba. Sai an ɗaura wa saniyar jan ƙyalle a ƙaho ko a ƙafa don mai tatsa ta gane. Ba zan amsa miki da bakinsu ba, madarar tasu ce. Ranar kasuwa zan gaya wa su Inna, in sun amince sai su zo ku yi magana ido da ido.